Kan jirgi ɗaya, kowace ƙasa da laƙabin da ta raɗa masa

A shekarar 1965 wata masana'anta da ke birnin Luhansk a gabashin Yukren, zamanin ƙasar tana cikin Tarayyar Sobiyet, ta fara fitar da wani kan jirgin ƙasa mai shan dizal, mai ƙarfin doki 2000. Sunansa na yanka M62. Da ya bazu a ƙasashen gabashin Turai, da wuya ka ji ma'aikaci ya kira shi da wannan suna a bakin aiki. Mutanen Hangari suka ce masa Szergej, na Cekoslobakiya ma Sergej, abin nufi dai ga Barashe ya iso. 'Yan Polan suka ce Gagarin, sunan mutumin farko da ya je sararin samaniya a 1961. A gida Rasha kuwa Mashka ake ce masa, irin sunan lallashin da ake yi wa yarinya mai suna Mariya. Jamus ta Gabas, wadda ta karɓi guda 378, ta raɗa masa Taigatrommel, wato gangar dajin Sibiriya, domin na farkon da aka kawo ba su da salansa, in suka ratsa gari da dare ba mai runtsawa. Wasu Jamusawan ba su tsaya nan ba, suka ce ai wannan ita ce ramuwar gayyar Stalin ta ƙarshe.

Mulkin gurguzu ya faɗi, sunayen nan ba su faɗi tare da shi ba. Su ne jarin hirar wasu mutane da ba ka rasa su a ƙarshen dandamalin manyan tashoshin Turai, wannan da kyamara, wancan da ɗan littafi da biro. Masoya jirgin ƙasa ke nan. Akwai tsoffin ma'aikatan reluwe a cikinsu, amma yawancinsu malaman makaranta ne da akantoci da ɗalibai da 'yan fansho, waɗanda son jirgi ya kama tun suna yara bai sake su ba. Idan suka haɗu daga ƙasashe daban-daban, hirarsu takan zama wani irin gaurayen harshe: rabin jimla da Jamusanci, a ƙarasa da Turancin da bai nuna ba, a jefa kalmar Polanci ɗaya a tsakiya, a kwashe da dariya. Wanda ba ya cikinsu zai ɗauka shiririta ce. Ni ina ganin abin yana da tsari, yana da dalili, yana kuma da iyaka, kuma ya cancanci a warware shi zare-zare.

A fara da sunayen da jama'a ke kiran su da su, domin nan zolayar take farawa. A Ingila ana ce musu anorak, sunan rigar ruwan da suke sawa su wuni a tasha cikin sanyi. Jamusawa na cewa Pufferküsser, mai sumbatar ƙarfen gaban jirgi, wanda ya cika bin ƙwaƙƙwafi kuma Nietenzähler, mai ƙirga kusoshi. Faransawa sun ƙera ferrovipathe a kan tsarin sunayen cututtuka. A Amurka foamer ne, wanda bakinsa ke kumfa in ya hango jirgi. 'Yan Polan na cewa mikol, 'yan Cek šotouš. A Japan har rabe-rabe aka yi: toritetsu mai ɗaukar hoto, noritetsu mai hawa. Yawancin waɗannan sunaye da raini aka fara su. Mutanen sai suka karɓe su suka maida su nasu. Bajamushen da ya gabatar da kansa ga Bafaranshe da cewa shi mai sumbatar ƙarfe ne ya riga ya buɗe ƙofa, Bafaranshen zai amsa cewa shi ma majinyaci ne, shi ke nan an zama ɗaya.

To me ya sa harsuna ke cakuɗewa haka a wannan harka musamman? Dalilin yana cikin tarihin layin dogo kansa. Jirgin sama yana da harshe guda da duniya ta amince da shi, matuƙi da hasumiya Turanci suke yi in an tsallake ƙasa. Jirgin ƙasa bai taɓa samun wannan ba. Kowace ƙasa ta gina layinta a ƙarni na 19 da harshenta da ƙa'idojinta da girman kanta. Har yau dokar Tarayyar Turai ta wajabta wa direban jirgi ya iya harshen ƙasar da yake tuƙi a cikinta zuwa matakin da suke kira B1, don ya iya magana da mai ba da hanya. Kuma ba harshe kaɗai ke canjawa a kan iyaka ba. Jamus da Ostiriya da Suwizalan suna amfani da wutar lantarki mai ƙarfin bolt 15,000. Beljiyam da Italiya da Polan, a yawancin layukansu, 3000. Holan 1500. Faransa tana da iri biyu, 1500 da 25,000. Faɗin layi a yawancin Turai milimita 1435 ne, irin wanda aka shimfiɗa tsakanin Abuja da Kaduna aka buɗe a 2016, amma tsohon layin Sifaniya da Fotugal 1668 ne, na Rasha 1520, na Ayalan 1600. Ingila da Faransa da Beljiyam da Suwizalan da Italiya hagu suke bi, Jamus da Holan da Polan dama. Ko a cikin Faransa, yankin Alsace da Moselle dama yake bi, saboda yana hannun Jamus daga 1871 zuwa 1918, har sai da aka gina gadoji na musamman inda layi ɗaya ke haye ɗaya don jirgi ya sauya hannu. Faransawa na kiran irin wannan gada saut-de-mouton, tsallen tunkiya.

Saboda haka mai son jirgi, in yana son ya ga abin da babu a garinsu, dole ya tsallake iyaka. Tikitin Interrail, na zagaya ƙasashen Turai a jirgin ƙasa, da aka fara a 1972 ya sauƙaƙa wa matasa wannan. Sai mutum ya dawo da wani irin ilimin harshe mai ban mamaki: bai iya cinikin burodi da Polanci ba, amma ya san sunan kowane ɓangaren inji. Kalmar da kusan kowa ke fara haddacewa a kowane harshe ita ce ta jinkiri, domin ita ta fi fitowa a allon tasha: Verspätung a Jamus, retard a Faransa, ritardo a Italiya, opóźnienie a Polan, zpoždění a Cek. Da kalma hamsin irin waɗannan ba za a yi muhawarar siyasa ba, amma sun isa a tsokani mutum, kuma tsokana ba ta buƙatar nahawu.

Akwai kuma abin da ke ƙasa yana riƙe da ginin, wato lambobi. Tun 1922 aka kafa Ƙungiyar Layukan Dogo ta Duniya, UIC, mai hedikwata a Paris, kuma a tsarin da ta assasa kowane tarago yana ɗauke da lamba mai alƙaluma 12. A ciki akwai biyu da ke nuna ƙasa: 80 Jamus, 87 Faransa, 85 Suwizalan, 83 Italiya, 88 Beljiyam, 51 Polan, 54 Cek, 55 Hangari. Wannan harshe ne da duk suka iya ba tare da tafinta ba. Idan wasa ya rikice, aka rasa wane kan jirgi ake nufi, wani zai rubuta lamba a bayan tikiti, nan take kowa ya gane. A ganina wannan shi ne sirrin da ya sa suke iya sakin jiki da sauran harsunan. Tunda ma'anar gaske tana ajiye a wuri amintacce, ana iya wasa da kalmomi yadda aka ga dama ba tare da an ɓata ba.

Amma ko ƙirgan bai tsira ba. Ɗauki kan jirgi mai kwal wanda ke da ƙananan ƙafafu huɗu a gaba, manya shida a tsakiya masu jan kaya, ƙanana biyu a baya. Ingila da Amurka ƙafafu suke ƙirgawa, su ce 4-6-2. Faransa tana ƙirga sandunan da ke haɗa ƙafa biyu-biyu, ta ce 231. Jamus ta sa harafi a madadin masu ja, ta rubuta 2'C1'. Suwizalan ta ce 3/6, wato uku ne ke ja daga cikin shida. Inji ɗaya ne fa. Bafaranshe zai ce wa ɗan Ingila me ya sa yake ƙirga abu sau biyu, ko yana tsoron ƙafar ɗaya gefen ta gudu ne. Ɗan Ingila ya amsa cewa su suka ƙirƙiro jirgin, don haka su za su faɗi yadda ake ƙirga shi. Wannan musu ya girmi duk masu yin sa a yau, kuma ba wanda yake so a raba shi.

Bahaushe ba zai sha wahalar gane wannan ba, domin muna da shi. Wasan Bafulatani da Babarbare, na Bakano da Bazazzagi, na Bagobiri da Bayarabe, duk an san ƙa'idarsa: ana faɗa wa abokin wasa maganar da in wani ne ya faɗa sai an raba faɗa, dole kowa ya ba da nasa ya karɓi na wani, kuma wanda ya yi fushi shi ya faɗi. Sau da yawa in ka tono asalin irin wannan wasa, tsohuwar gaba ce ko tsohon yaƙi aka binne a ƙarƙashinsa. Haka abin yake tsakanin Bajamushe da ɗan Polan, ko ɗan Ingila da Bafaranshe. Bambancin kawai shi ne su ba gadon wasan suka yi ba, jirgi ne ya haɗa su suka gina shi da kansu.

Kayan zolayar kuwa, mafi daɗinsu laƙabi ne, kuma nan zan ɗan daɗe. Laƙabin kan jirgi yakan fito ne daga kama ko ƙara ko asali. Kamfanin ČKD na birnin Prag ya ƙera wani kan jirgi tun ƙarshen shekarun 1960 wanda tagogin gabansa suka turo waje cikin wani firam mai kusurwa huɗu. 'Yan Cek suka ce Brejlovec, mai tabarau. 'Yan Sulobakiya suka ce Okuliarnik, ma'ana ɗaya. Jamusawa suka duba suka ce a'a, wannan ba tabaran karatu ba ne, Taucherbrille ne, gilashin mai nutso. 'Yan Polan suka taƙaita suka ce Nurek, mai nutson kansa. Ido huɗu sun ga abu ɗaya, kowa ya fassara da abin da ya zo masa a rai. Yayansa, wanda aka ƙera kafin shi a wannan masana'anta, ana ce masa Zamračená, mai ɗaure fuska, saboda yadda goshinsa ya rufto a kan tagogi. A Italiya, kan jirgin da ya fi kowane gudu a zamaninsa, E.444 na 1967, wanda ya kai kilomita 200 a awa, Tartaruga aka sa masa, kunkuru, har da zanen kunkuru mai tsere a jikinsa. Na bayansa suka zama Caimano, wani irin kada, da Tigre, damisa. Faransawa na da Nez cassé, mai karyayyen hanci. Mutanen Holan na da Hondekop, kan kare.

Labarin kada ya fi duka yawo. Tsakanin 1919 da 1922 Suwizalan ta ƙera kawunan jirgi 33 masu lantarki don hawan tsaunin Gotthard, masu dogon baki gaba da baya, kowane baki yana lanƙwasawa a kwana. Aka ce musu Krokodil. Da yake layin yana gangarawa yankin masu Italiyanci, can coccodrillo ne. Daga 1928 aka kai masu irin wannan ƙira guda 41 Indiya don hawan tsaunukan bayan Bombay, ma'aikatan can suka dube su suka ce su ba kada suka gani ba, khekda suka gani, ƙaguwa. Shi kuma Bafaranshe in aka ce crocodile a bakin layin dogo, hankalinsa ba kan jirgi yake zuwa ba. Wani dogon ƙarfe ne da ake ɗaurewa tsakanin layuka biyu, wanda ke taɓa ƙasan jirgi ya isar da gargaɗin sigina ga direba, ana amfani da shi a Faransa tun ƙarni na 19. Don haka ɗan Suwizalan yana bugun ƙirji cewa kadansu ya ja kaya ya haye tsauni, Bafaranshe yana cewa su nasu kadan kwance yake jirage na bi ta kansa kullum.

Sai kuma wasan warware haruffan sunan kamfani, wanda kowace ƙasa ke yi wa nata. 'Yan Sifaniya sun mayar da RENFE zuwa Rogamos Empujen Nuestros Ferrocarriles Estropeados, wato muna roƙo ku tura mana jiragenmu da suka lalace. 'Yan Polan na karanta PKP a matsayin Poczekaj, Kiedyś Przyjedzie, jira, wata rana zai iso, wasu kuma su ce ma'anarsa biya kwandasta rabi. ČD na Cek ya zama Času dost, lokaci na da yawa. A Ingila masoya tsohon kamfanin GWR suna cewa layin Allah mai ban al'ajabi ne, abokan hamayyarsu su ce a'a, babbar hanyar zagaye ce, kuma duka biyun sun dace da haruffan. Lura da ladabin abin: ɗan ƙasa ne ke koya wa baƙo wannan zagi na gida. Kyauta ce. Wanda ya ba ka makamin da za ka tsokane shi da shi ya nuna ya yarda da kai.

Batun cika lokaci shi ne filin da ake fafatawa yanzu, kuma Jamus ce ke shan duka. A 2024 kashi 62.5 cikin 100 ne kawai na jiragen dogon zango na Deutsche Bahn, kamfanin jirgin Jamus, suka iso a kan lokaci, alhali a lissafinsu jinkirin da bai kai minti shida ba ba a ƙirga shi. Suwizalan, wadda ma'auninta minti uku ne, ta haura kashi 93. Har ta kai ana tsayar da jiragen Jamus da suka makara a birnin Basel, a hana su shiga ciki don kada su dagula jadawalin ƙasar. Ga al'ummar da duniya ta sani da tsare lokaci, wannan ciwo ne, kuma maƙwabta ba sa bari ya warke. Ana kwaikwayon yadda kwandastocin Jamus ke furta godiya da Turanci, senk yu. Ana tuna wa ɗan Ingila watan Fabrairun 1991, lokacin da jirage suka tsaya jaridu suka yayata cewa dusar ƙanƙarar da ta zuba ba irin wadda ta dace ba ce. In musu ya yi zafi sai wani ya kawo Japan, inda a Nuwamban 2017 kamfanin Tsukuba Express ya nemi gafara saboda jirginsa ya tashi da daƙiƙa 20 kafin lokaci, kowa ya yi shiru.

Tsohon musun gudu ma yana nan. Ɗan Ingila zai ce kan jirginsu mai kwal, Mallard, ya kai kimanin kilomita 203 a awa ranar 3 ga Yulin 1938, kuma har yau ba mai kwal ɗin da ya karya wannan a hukumance. Bajamushe ya amsa cewa nasu, 05 002, ya yi 200.4 tun 1936 a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, Mallard kuwa gangara ya samu, kuma bai ƙarasa tafiyar lafiya ba, ƙarfensa ya yi zafi aka cire shi. Bafaranshe ya bar su su gama, sannan ya ce 574.8, gudun da jirginsu TGV ya yi ranar 3 ga Afrilun 2007. Ɗan Ingila ba ya rasa abin faɗa: daga 1994 zuwa 2007 jirgin Eurostar daga Paris a tashar Waterloo yake sauke Faransawa, tasha mai sunan filin da aka ci Napoleon da yaƙi a 1815. Bafaranshe ya tuna masa cewa su ma suna da tashar Austerlitz, inda Napoleon ya yi nasara a 1805.

Don a ga yadda abin yake gudana a baki, ƙaddara kana garin Wolsztyn a yammacin Polan, inda ake ajiye jirage masu kwal kuma ake yin faretinsu shekara-shekara. Hayaƙi ya cika wuri, ƙurar kwal tana sauka a kan riguna, mutane sun jeru a bakin layi kowa yana neman inda rana ba za ta ɓata masa hoto ba. Ga wani Bajamushe ya iso yana haki, jaka a kafaɗa. Ɗan Polan da ke gefensa ba zai tambaye shi daga ina ba, ya riga ya ji harshensa. Zai ce masa panie kolego, kiran da ya haɗa girmamawa da sabo, kamar a ce malam abokin aiki, sannan ya ɗora da Jamusancinsa na tasha: Verspätung? Bajamushen ya ɗaga kai, ya nemo ɗan Polancin da yake da shi ya ce poczekaj, jira, ya nuna kansa, wato ga shi dai ya iso wata rana. Ɗan Cek da ke bayansu ya sa baki ya ce času dost. Idan Piękna Helena, kyakkyawa Helena, kan jirgin 1937 da garin ke alfahari da shi, ya shigo cikin hirar, sai a koma gardamar ko 4-6-2 ce ko 2'C1'. Jimla cikakkiya ba ta fi uku ba a duk zancen, amma kafin yamma sun yi musayar adireshi. Abin lura shi ne Bajamushen da ɗan Polan kowa da harshen ɗan'uwansa ya yi tsokanar. Bajamushen bai ce komai da Jamusanci ba. Gurɓataccen furucinsa shi ne girmamawar, domin ya nuna ya ɗauki wahalar koyo.

Wasan yana da inda yake tsayawa, kuma wannan ya kamata a faɗe shi ba tare da kwana-kwana ba. Daga 1942 Jamus ta ƙera kawunan jirgi samfurin 52 fiye da 6000 don yaƙi, da yawa da hannun mutanen da aka tilasta wa aiki. Bayan yaƙi suka watsu a Turai, kowa ya ba su suna: Ty2 a Polan, Němka wato Bajamusa a Cekoslobakiya, Stortysker wato babban Bajamushe a Norwe, a Sobiyet kuma TE, inda harafin farko ke nufin ganima. Injina ne masu juriya, masoya jirgi na yaba ƙirarsu. Amma hukumar jiragen Jamus ta wancan zamani ita ce ta kwashi Yahudawa da sauran waɗanda aka zalunta zuwa sansanonin kisa, da yawansu a ƙasar Polan. Mai hankali ya san a nan ba a barkwanci. Ana iya yi wa Bajamushe ba'ar jinkiri daga safe har dare, ana iya kiran injinsa kowane suna, amma ba a taɓa wannan. Haka ma birnin Luhansk, mahaifar M62 ɗin da ake ce wa Gagarin, da kuma Ludmilla, wato manyan kawunan jirgi masu ƙarfin doki 3000 da Jamus ta Gabas ta saya daga 1970, yana cikin yankin yaƙi tun 2014. Wanda ke kiran waɗannan injina 'yan Rasha a gaban ɗan Yukren a yau, ya kamata ya auna bakinsa.

Akwai kuma ƙasar da harshe a jirgi ba abin wasa ba ne ko kaɗan, doka ce. Kamfanin jirgin Beljiyam sunansa NMBS da Holanci, SNCB da Faransanci, tambarinsa kuma harafin B ne kawai, wanda bai ɗauki ɓangare ba. Hau jirgin da ke tashi daga Oostende a bakin teku zuwa Eupen kusa da iyakar Jamus ka saurari sanarwa. Da Holanci ake farawa. A Brussels a yi biyu. A Leuven a koma Holanci. A Liège Faransanci. A Eupen Jamusanci ya shigo. Shi kansa garin Liège, fasinja zai gan shi a allo a matsayin Luik tun yana yankin Flanders na masu Holanci, ɗan Eupen kuma Lüttich yake ce masa. Mons ita ce Bergen, Tournai ita ce Doornik, Lille ta Faransa kuma Rijsel. Baƙi da yawa sun tsaya a dandamali suna jiran jirgin garin da ke rubuce a gabansu da wani suna. Wannan tsari ya samo asali ne daga iyakar harshe da aka shata a farkon shekarun 1960 bayan doguwar taƙaddama. A ƙarshen 2024 wani kwandasta ya gaida fasinjoji da goeiemorgen, bonjour, jirgin yana dab da Vilvoorde, wadda ke yankin masu Holanci ko da yake tana manne da Brussels. Wani fasinja ya kai ƙara, magana ta kai majalisa, kuma a 2025 hukumar da ke sa ido kan dokar harshe ta ba mai ƙarar gaskiya.

Ba na raina dalilin wannan doka. Masu Holanci a Beljiyam sun daɗe ana danne harshensu a ofis da kotu da makaranta, kuma da gwagwarmaya suka samu abin da suka samu. Amma abin yana taɓa ni in na tuna cewa kalmomi biyun da suka jawo ƙara su ne ainihin abin da masoya jirgi ke yi wa juna da gangan don nuna ƙauna. Bambancin yana ga wanda ke magana da kuma ikon da ke hannunsa. Kwandasta bakin hukuma ne, harshen da ya zaɓa yana da nauyin gwamnati. Mutane biyu a ƙarshen dandamali ba mai iko da wani, ba wanda zai rasa aiki ko haƙƙi saboda harshen da aka yi masa. Shi ya sa suke iya abin da doka ba ta iya ba. Suwizalan ta bi wata hanyar, ta rubuta SBB CFF FFS a jikin kowane tarago, Jamusanci da Faransanci da Italiyanci a jere, layin Rhätische Bahn da ke tsaunukan gabas kuma ya ƙara da suna na harshen Romansh, Viafier retica.

Wasu tsofaffin masoya jirgi suna fargabar wannan al'ada za ta dushe, kuma fargabar tana da tushe. Kawunan jirgi na yanzu, irin su Vectron na Siemens da Traxx, kamfani ne ke ba su suna, kuma da wannan sunan ake sayar da su daga Suwidin har Italiya. Suna iya shan wuta iri-iri, ba sa tsayawa a iyaka a sauya su. Ana kuma shimfiɗa tsarin sigina guda, ETCS, a faɗin nahiyar. Matasa da yawa sun iya Turanci sosai, ba sa buƙatar kame-kamen kalmomin maƙwabci. Idan kowa ya koma harshe guda mai santsi, za a fahimci juna da sauri, amma za a rasa wannan tuntuɓen harshe da ke sa mutum ya ji an yi ƙoƙari dominsa.

Sai dai bakin mutane bai daina raɗa suna ba. Da aka kawo samfurin 66 Ingila daga Kanada a 1998, aka dubi rufinsa aka ce Shed, rumfar ajiye kaya. Jamusawa suka ga jirgin Talent 2 da kumburin gefen fuskarsa suka ce Hamsterbacke, kumatun ɓera mai ɓoye abinci a baki. 'Yan Japan suka ce wa jirginsu mai gudu, Shinkansen samfurin 700, kamonohashi, sunan wata dabbar Ostireliya mai baki irin na agwagwa. 'Yan Sifaniya kuma, da kamfanin Talgo ya fito da jirginsa mai gudu samfurin 350 da dogon baki shimfiɗaɗɗe, kai tsaye suka ce Pato, agwagwa, ƙaninsa kuma Patito, ɗan agwagwa. Irin wannan jirgi ne Saudiyya ta saya don layin Haramain da aka buɗe a 2018, mai tsawon kimanin kilomita 450, mai gudun kilomita 300 a awa. Alhazanmu da suka bi shi tsakanin Makka da Madina, agwagwar Sifaniya ce ta ɗauke su.